Zauren Biki Mai Iƙirarin Kare Muhalli a Kano: Inda Ya Cika da Inda Ya Gaza

Akwai wani zauren taro a Kano da yake tallata kansa a matsayin wurin bikin da ba ya ɓata muhalli, kuma da wannan iƙirari yake karɓar kuɗin haya da ya ɗara na takwarorinsa. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta kama shi domin taron shekara, danginmu ma sun yi walimar aure a cikinsa, kuma ni aka wakilta wajen ƙulla yarjejeniya da masu wurin, abin da ya ba ni damar leƙa bayan gida da kicin da ɗakin janareta, wuraren da baƙo ba ya zuwa. Ba zan kama sunansa ba, domin a bayanin nan akwai yabo akwai kuma suka.

Ta fuskar lantarki zauren ya cancanci yabo. An shimfiɗa farantan sola a rufinsa, an haɗa su da batura, ta yadda taron safe ko na rana yakan ƙare da fitilu da fankoki da lasifika ba tare da an tayar da inji ba. Sai dare ya yi, an kunna na'urorin sanyaya ɗaki gaba ɗaya, sannan ake komawa kan janaretan gas. Shi ma an gina masa ɗaki a can ƙuryar fili, an ɗaga bututun hayaƙinsa sama da katanga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iskar da take kashe mutane a hayaƙin janareta ba ta da launi ba ta da wari, kuma wurare da yawa a garin nan suna ajiye injinsu a jikin tagar da baƙi ke zaune. Manajan bai ɓoye mini cewa tsadar man gas ce ta fara tura su ga sola ba, sannan ƙarin kuɗin wuta da aka yi wa masu rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan awanni a rana, a watan Afrilun 2024, lokacin da farashin ya kai naira 225 kan kowane ma'auni, ya ƙara musu ƙaimi. Ban ga aibu a wannan ba, tunda hayaƙin ya ragu ko da wace niyya aka rage shi.

Haka abin yake a wajen ruwan sha da kwanukan abinci. Ba a raba ruwan leda a zauren. An jera manyan gorunan ruwa da kofuna da ake wankewa, ana zuba abinci a farantan tangaram, kuma yarjejeniyar ta hana mai dafa abinci shigo da farar robar nan mai kumfa da ake ƙunshe shinkafa a cikinta. Jihar Legas ta haramta irin wannan roba a watan Janairun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta amince da hana robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta a watan Yunin wannan shekarar, saboda haka masu zauren sun hango inda aka dosa. Matsalar da ba su warware ba ita ce ta al'adarmu: babu uwar amaryar da za ta yarda ƙawayenta su koma gida hannu rabbana, don haka a ranar walimarmu robobin da aka hana shiga ta ƙofa sun cika bayan motoci a wajen ajiye abin hawa, a nan aka yi rabon.

Ragowar abinci kuwa ana kwashe shi tun taro bai watse ba, a kai wa makarantun allo da ke kusa. Abin da ya burge ni shi ne suna ware haɗin salak da duk abin da aka sa wa madara ko ƙwai, ba sa bayar da shi idan ya daɗe a waje, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. A zafin Kano na watan Afrilu wannan taka-tsantsan ya zama wajibi.

Daga nan ne yabo ya fara raguwa, kuma abin lura shi ne duk inda suka gaza wuri ne da gyaransa yake cin kuɗi maimakon ya rage kashewa, kuma wuri ne da doka ta riga ta yi magana a kansa. An ajiye kwandunan shara kala-kala a gaban baƙi, 'yan gwangwan suna zuwa su sayi gorunan roba da gwangwanayen lemo, masu kiwo suna ɗaukar ɓawo da guntattakin abinci. Amma da na tambayi inda sauran sharar take zuwa, wato ledoji da tsumman goge hannu da furannin roba na kwalliya, sai aka ce mini wani yaro ne yake zuwa da baro ya kwashe, babu takarda, babu wanda ya san inda yake juyewa. Dokar da ta kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta fito a 2007, ƙa'idojinta na tsafta da sarrafa shara na 2009 kuma sun haramta zubar da shara a magudanai da wuraren da ba a keɓe ba, ga kuma REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, da aikinta ke nan. Wanda ya ga yadda kwatocin Kano suke toshewa da leda a watan Agusta har ruwa ya shiga gidaje, ya san cewa sharar da aka ware a gaban baƙi sannan aka miƙa wa mai baro da dare ba ta bar unguwar ba.

Ƙarar kiɗa ma haka. Zauren yana tsakiyar gidajen mutane, NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 100 a matsayin iyakar matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi. Babu na'urar auna ƙara a wurin, kuma yarjejeniyar ba ta faɗi ko mai zaure ne ko mai biki zai amsa ƙara idan maƙwabta suka kai kuka ba. Baƙo yana shan wannan amo na dare ɗaya ne, masu raba abinci kuwa kowane ƙarshen mako suna tsaye a gindin lasifika.

Batun ma'aikatan ne ya fi damuna. Na dindindin suna da kayan aiki da safar hannu, amma samarin da ake ɗauka na wuni domin kafa rumfa da rataya fitilu suna hawa dogon tsani da silifa, babu igiyar ɗamara. Manajan ya ce mini waɗannan ai 'yan ga-ruwa ne na aiki, ba ma'aikatansu ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta san wannan bambanci ba, domin ma'aikaci a wurinta ya haɗa da na wucin gadi da na wuni, da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga NSITF, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.

Tukwanen kashe gobara suna nan, kwanan watansu bai wuce ba. Sai dai a daren walima na tarar an garƙame ƙofar gaggawa da kwaɗo domin tare 'yan gayyar soɗi, kuma sai da na kafe aka buɗe. Bayan turmutsutsun da ya kashe yara 35 a wani taro a Ibadan a watan Disambar 2024, wanda aka gurfanar da masu shirya shi a gaban kotu, bai kamata a ce sai mai haya ya roƙa ba. Na nemi ganin takardar inshorar ginin, wadda doka ta wajabta wa gine-ginen da jama'a ke taruwa, aka yi ta yi mini alkawari har muka rabu. Takardar tallarsu kuma tana ambaton ma'aunin ƙasa da ƙasa. Ma'aunin da ya shafi shirya taruka shi ne ISO 20121, wanda ya fito a 2012 tare da gasar Olamfik ta Landan, kuma ba su nuna mini shaidar wani mai bincike daga waje ya tantance su a kansa ba.

Doka ɗaya ce na ga ana bi sau da ƙafa: an kafa allo a bakin ƙofa cewa an hana liƙi, an kuma ajiye akwati domin mai son yi wa amarya kyauta, saboda sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma EFCC ta kama mutane a kai.

Ga taron ƙungiya ko lacca da rana, zauren ya fi yawancin wuraren da na sani, kuma ƙarin kuɗinsa bai zama asara ba. Mai shirin dina da dare kuwa ya nemi a rubuta masa a yarjejeniya lokacin da za a kashe kiɗa da sunan wanda zai kwashe shara, ya ga takardar inshora da idonsa kafin ya biya kafin alƙalami, sannan ya sa wani daga danginsa ya duba ƙofar gaggawa kafin amarya ta shigo.