Ofishin ANAJJ na Maraɗi: amfaninsa ga mai son ɗaukaka ƙara, da inda ya gaza

Hukumar ANAJJ, wadda dokar Nijar ta 2011 ta kafa don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, tana da reshe a babbar kotun Maraɗi. Bayanin doka kyauta ne ga kowa. Lauya kuwa sai ga wanda ya kawo takardar shaidar rashin hali, ko wanda doka ta ba shi wannan haƙƙi kai tsaye, kamar yaron da ake tuhuma.

Babban amfanin ofishin shi ne lissafin kwanaki. A shari'ar laifi, wanda aka yanke wa hukunci yana tsaye yana da kwana 10 kacal ya je wurin magatakardar kotun da ta yi hukuncin ya ce bai yarda ba, a rubuta a rajista, ya sa hannu. Mutane da yawa sukan koma ƙauye neman shawarar dangi, su dawo ranar 12 takarda a naɗe cikin leda, ƙofa ta riga ta rufe. Ko gaskiyarka ta kai hasken rana, ba mai sauraro. Wanda ya biya ta ofishin tun ranar hukunci ba zai faɗa wannan rami ba.

Ana kuma warware wani ruɗani da ke cinye kuɗin mutane. Kotun ɗaukaka ƙara tana sake duba magana tun daga tushe, alƙalai uku ne ke zama, rinjaye ke yanke hukunci. Kotun Ƙasa da ke Yamai, wadda aka kafa a 2023 ta maye gurbin kotun warware hukunci da kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, ba haka take ba. A ƙarar warware hukunci ba ta kiran shaidu, ba ta sake auna iyakar gona. Abin da take dubawa kawai, an bi doka ko an karya ta. In ta soke, yawanci takan mayar da shari'ar hannun wasu alƙalai. Don haka mai shirin ɗaukar dattawan unguwa ya kai su Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ya adana kuɗin motarsa.

Raunin ofishin a fili yake. Akasarin lauyoyin Nijar a Yamai suke, shi ya sa sau da yawa mai kare ka wakili ne da aka naɗa, ba lauya ba. A ƙaramar shari'a yana wadatarwa, amma rubuta hujjojin doka zuwa Kotun Ƙasa aikin gwani ne. Ka je ofishin da kofin hukuncin da katin shaidarka, ka nemi a faɗa maka ranar da wa'adinka zai cika, a rubuta maka ita a takarda.