Gargaɗi: masu tallan irin furen boroniya a WhatsApp, don Allah ku yi hattara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mata masu haɗa humra da turaren wuta. Abin nan ya tsaya min a rai tun jiya shi ya sa na ce bari in rubuta.

Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na mata yana tallan wai irin furen boroniya daga Ostireliya, yana cewa ki shuka a bayan ɗaki wata 3 ya yi fure, ki jiƙa furen a mai ki samu turaren da Turawa ke saye da dala. Yayata da ke Kano ta tura masa naira dubu 45, har da kuɗin wani taki wai na musamman. Ya aiko da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a leda, ta shuka, suka fito cikin sati ɗaya, ganye na ƙamshi, baiwar Allah tana ta murna ta turo min hoto. Ina gani na ce Yaya wannan ai ɗoɗɗoya ce. Ɗoɗɗoya wallahi, wadda ake sa wa a miya. Ta kira shi, lamba a kashe, ya kuma fice daga guruf ɗin.

Ni a Perth nake zaune, yankin da ainihin wannan fure ya fito kenan, kudu maso yammacin Ostireliya, kuma ina da shi a tukunya. Wanda ake yayi saboda ƙamshi shi ne Boronia megastigma, dangin lemu ne. Furensa ɗan ƙarami ne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kamar ɗan ƙoƙo a kife, bayansa ruwan ƙasa mai duhu cikinsa ruwan ɗorawa, ganyen kuma siri-siri kamar allura. To hoton da mutumin yake turawa wani ƙaton fure ne kamar na roba. Daga nan ma kin san da sake.

Kuma maganar iri, nan ce babbar ƙaryar. Ko a nan ƙasarsa irin boroniya taurin kai gare shi, yana iya kwana watanni a ƙasa bai tsiro ba, wasu har ruwan hayaƙi suke zuba masa don su tashe shi, shi ya sa masu gidan rainon shuka galibi reshe suke yanka su dasa. Duk wanda ya ce miki sati ɗaya zai fito, wani abu daban ya ba ki.

Sannan a ce ma na gaske ne, ina zai rayu? Shukar nan shagwaɓaɓɓiya ce. Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, tana son sanyi da danshi kullum amma ba ta son ruwa ya kwanta mata, in ta bushe yini ɗaya a lokacin zafi ta tafi, in kin cika ruwa saiwa ta ruɓe ta tafi. Tana son ƙasa mai yashi mai ɗan tsami, a rufe gindinta da busasshen ganye, rana ta safe kawai, kuma a kare ta daga busasshiyar iska. Yanzu ki ɗauki wannan ki kai Kano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko cikin hunturu da leɓen mutum ma tsagewa yake. Ni da nake lallaɓa tawa kamar jaririya sai da biyu suka mutu a hannuna, wannan ta uku ce, kuma dama ba shuka ce mai tsawon rai ba, 'yan shekaru ne. Furen ma sau ɗaya take yi a shekara, wajen Agusta zuwa Oktoba, ƙarshen sanyinmu na nan.

Takin da ya haɗa mata kuwa NPK ne na gona ya ƙulla a leda, alhali ita shukar ba ta son taki mai ƙarfi.

Turaren gaskiya ne yana da tsada, ana noma furen a tsibirin Tasmaniya don haka, amma a masana'anta ake tatsarsa da sinadari, fure mai uban yawa ake tarawa a samu ɗan kaɗan. Ba aikin kwalba da man zaitun ba ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, kuɗin adashinta ne, kuma ta ce min mata huɗu a guruf ɗinsu sun tura, kowa ta yi shiru don kunya. Don Allah in kin faɗa kar ki ɓoye, ki ajiye rasit ɗin tiransifa da hirarku, ki je bankinki ki kai ƙorafi da wuri, ki kuma gaya wa admin ta sanar da sauran. In kuma ya dawo da sabuwar lamba, ku ce ya yi bidiyo kai tsaye ya nuna shukar a tsaye da furenta da ganyenta kafin kowa ta tura ko sisi.