Ƙunshin fatar nan da ake sayarwa don manhajar 3D ta Blender: ƙofofin gashi sun yi, baƙar fatar kuwa yaudara ce

Abin da ya sa masu aikin 3D a Katsina ke ta tura wa juna tallar ƙunshin nan na fatar da ake ɗora wa mutum-mutumin kwamfuta shi ne alkawarin baƙar fata a shirye. To wallahi nan ne bai ci kuɗinsa ba. Ɗora shi a fuskar dattijo mai hula, ka sa masa rana irin ta azahar a filin Ƙofar Soro, ka yi renda (wato fitar da hoton ƙarshe) a Cycles, injin renda na Blender. Fuska za ta fito fururu kamar wanda bai shafa mai ba a tsakiyar hunturu, kunnuwa kuma jajir kamar garwashi.

Kana buɗe nod ɗin, wato akwatunan saitin fatar, za ka ga dalili. Fatar Bature masu ƙunshin suka ɗauko suka rage mata haske, shi ke nan. Alhali sinadarin melanin ya fi shanye shuɗi da kore a kan ja, shi ya sa fatarmu ke da ɗan ja-ja a ƙasa, ba toka-toka ba. Dole ka saka nod ɗin gyaran launi na RGB Curves kafin Base Color (asalin launin fatar), ka sauke shuɗi sosai, kore kaɗan, ka bar ja ya fi su. Tafin hannu da leɓen ƙasa kuma ka ware su da hannunka, domin su ma an dusashe su tare da sauran jiki.

Jan kunnen daga Subsurface yake, wato saitin yadda haske ke ratsa cikin fata. Sun bar Scale a 0.05 yadda Blender 4.0 ke zuwa da shi, wato jan haske na ratsa santimita 5 cikin nama. Wane kunne ne ya kai wannan kaurin? Na fi samun daidai tsakanin 0.004 da 0.008, da Random Walk (Skin), IOR kuma 1.4. Amma fara auna kan: daga haɓa zuwa tsakiyar kai kada ya yi nisa da santimita 23, sannan ka tabbatar da girman da Ctrl+A, in ba haka ba lambobin nan aikin banza ne.

Gaskiya dai taswirar ƙofofin gashinsu ta burge ni. Na hanci daban, na kumatu daban, tamojin goshi ya zauna daram. Tunda baƙar fata da ƙyalli ake gane siffarta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa Roughness (saitin da ke rage ƙyalli) wajen 0.35 a goshi da karan hanci, 0.5 a kumatu, taswirar a kan Non-Color, sai ka ga ɗan naso irin na mai fitowa daga masallacin Juma'a a bazara. Da abin ya tsaya nan da na ce a saya.

Sai dai taswirar Normal ɗinsu, mai nuna tudu da ramin fata, ta tsarin DirectX ce, Blender kuwa tsarin OpenGL yake bi, kuma ko a layi ɗaya ba su faɗa ba. Ramukan fata sai su taso kamar ƙuraje har sai ka juya koren launin taswirar da nod ɗin Invert. Renda uku na kashe da man janareta kafin na gano. Takardar bayanin ma har yanzu tana cewa a jona Subsurface Color, wanda aka cire daga Blender tun 2023. Na rubuta wa mai sayarwar sau biyu, shiru kake ji.