Zobe ko radiyal: sharhi kan wayarin soket a gidan zama

Na yi aiki da tsarin biyu, kuma hukuncina shi ne: zobe yana da amfani, amma a hannun wanda zai gwada shi da na'ura kafin ya rufe bango. Idan babu tabbacin haka, radiyal ya fi aminci.

Zobe tsarin Birtaniya ne. Ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan ƙarfe ya yi ƙaranci, tare da filogi mai fiyus na ƙa'idar BS 1363 da ta fito a 1947. Waya mai kaurin 2.5mm² tana fita daga birekar 32A, ta bi soket ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo cikin birekar da ta fito. Wuta tana isa kowane soket ta ɓangare biyu, shi ya sa aka yarda waya siririya ta zauna ƙarƙashin bireka babba. A 230V, hakan ya kai wat 7,360, kuma an saba ba zobe ɗaya fili da bai wuce murabba'in mita 100 ba. Radiyal kuwa waya ce da ta fita ta tsaya a soket na ƙarshe: 2.5mm² da birekar 20A, ko 4mm² da ta 32A.

Abin da zobe ya yi fice a kai gaskiya ne. Wuta ba ta raguwa sosai a soket mai nisa, kuma wayar at, wato wayar ƙasa ta kariya, tana da hanya biyu ta komawa akwatin rarraba wuta. A falo da ɗakunan kwana, inda kayan ba su wuce talabijin, caja da fanka ba, ban taɓa ganin ya gaza ba.

Matsalarsa ita ce yana ɓoye lalacewarsa. Wayar 2.5mm² da aka kafa a kan bango tana ɗaukar 27A, kuma idan ta ratsa abin tare zafi na rufi ko na bango, adadin yana sauka ƙasa sosai. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta amince da zoben ne muddin wayar za ta iya ɗaukar aƙalla 20A a yadda aka shimfiɗa ta, saboda an ɗauka ƙafafu biyu, wato ɓangarorin zoben biyu da suka fito daga bireka, za su raba nauyin. To, a ce sukurun wayar wuta ya saki a bayan soket ɗaya. Zoben ya tsinke, ya zama radiyal biyu a kan birekar 32A, amma kowane soket yana ba da wuta kamar babu abin da ya faru. Idan kicin ya faɗo a ƙafa ɗaya, butar lantarki mai wat 3,000 ita kaɗai 13A take ja. A ƙara injin wanki yana dumama ruwa, a ƙara na'urar gasa burodi, sai ka ga kusan 30A a kan waya guda. Bireka ba za ta faɗi ba, domin a wurinta ba a wuce iyaka ba. Wayar ce za ta riƙa zafi cikin bango, robarta tana bushewa a hankali. Wanda ya buɗe irin wannan soket ya san kamanninsa: roba ta yi launin ƙasa a bakin sukuru, tana fashewa da an taɓa, ga warin ƙuna. A radiyal, irin wannan tsinkewa tana kashe duk soket ɗin da ke gaba, mai gida ya kira mai gyara a ranar.

Don haka gwajin zobe ba abin tsallakewa ba ne, kuma ƙaramar na'urar nan mai fitilu uku da ake sokawa a soket ba ta iya gano tsinkewar. Ana buƙatar na'urar auna ƙaramin om, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. A kashe wuta, a tabbatar ta mutu, a zare ƙafafun biyu daga akwati. Da farko a auna kowace waya daga baki zuwa baki. A zoben mita 60, wayar wuta za ta ba da kusan om 0.44, nutural ma haka, bambancinsu kada ya wuce 0.05. Idan at ɗin 1.5mm² ce, za ta ba da kusan 0.73, wato ninki 1.67 na wayar wuta. Sai a haɗa wayar wutar ƙafa ɗaya da nutural ɗin ɗaya ƙafar, a yi haka ga sauran biyun, a bi soket-soket ana aunawa. Kowanne ya kamata ya ba da kusan 0.22. Idan adadin yana hawa zuwa tsakiyar zobe sannan ya sauko, an haɗa bakunan ba daidai ba. Soket ɗaya da ya fi sauran yawa, ko reshe ne, wato wayar da aka ja daga jikin zobe ba ta komo ba, ko sukurunsa bai ɗauru ba. A ƙarshe a maimaita da wayar wuta da at, a sa ran kusan 0.29. Aikin yana cin lokaci, kuma duk wanda ya canza soket daga baya yana iya warware shi da sukuru ɗaya.

Reshe ma wurin ɓarna ne. Reshen da ba shi da fiyus soket ɗaya kawai aka yarda ya ɗauka, mai baki ɗaya ko biyu. Mai son ƙari sai ya fara sa akwatin fiyus na 13A. Abin da ake yawan tararwa shi ne reshe a kan reshe, soket uku ko huɗu rataye a waya guda da birekar 32A ke tsaro. Ga kuma cunkoso: wayoyi uku na 2.5mm² a rami ɗaya, cikin kwalin bango mai zurfin milimita 25, da an danna soket ɗin ciki sai ɗaya ta zame. Kwalin milimita 35 yana rage wannan sosai.

Radiyal ma ba tsarkakakke ba ne. Na 20A wat 4,600 kawai yake bayarwa, bai isa kicin shi kaɗai ba. Idan cikakken nauyin yana can ƙarshen layi, bayan kimanin mita 32 raguwar wuta za ta wuce kashi 5 cikin 100 da aka yarda. Na 32A yana magance wannan, sai dai 4mm² tana da taurin lanƙwasa, kuma cusa biyu a ramin soket aiki ne. Yana kuma cin gurbin bireka da yawa, don haka a sayi akwati mai faɗi tun farko.

Duk da haka, a sabon wayarin ga abin da na fi gamsuwa da shi: radiyal na 20A ɗaya ga ɗakunan kwana, wani ga falo, biyu ga kicin ko ɗaya na 32A da 4mm². Murhun lantarki, hita ta ruwa da duk wani kafaffen abu da ya wuce wat 2,000 kowanne da layinsa. Kowane layi ya samu RCBO mai 30mA, wato birekar da ke faɗuwa idan nauyi ya yi yawa ko wuta ta zurare zuwa ƙasa, don laifin ɗaya kada ya jefa gidan duka cikin duhu. Tsohon zobe da ya ci gwaji kuwa ba sai an tayar da shi ba. Wanda aka samu a tsinke kuma aka kasa isa wurin ba tare da fasa bango ba, a raba shi gida biyu, a cire guntun da ya lalace daga bakunansa biyu, a ba kowace ƙafa birekar 20A tata, sannan a rubuta hakan a murfin akwati.