Yawon Sallah na yini guda: Elmina ko sansanin Kumasi da Bosomtwe?

Hajiya, kin ce washegarin Sallah kina son fita da jikoki daga unguwar Asawase ta Kumasi, su ga tsohon sansanin Turawa, su yi wanka a ruwa mai ɗumi irin na Wikki da kike jin labari, kuma ku kwana gida. Wikki dai yana Yankari, can jihar Bauci. A nan Ghana zaɓinki biyu ne, kuma duk na taka su.

Elmina, tsohon sansanin Turawa da ke bakin teku, ta fi nauyin tarihi. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Ranar da na shiga ɗakunan ƙasa inda ake tsare bayi, mai yi mana bayani ya rufe ƙofa ɗan lokaci kaɗan. Ba iska, ba haske, sai warin danshi. Yarana da ke ta surutu tun daga mota suka yi tsit. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi kuwa, sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce. A hanya akwai Assin Manso, inda bayin da aka gangaro da su daga arewa, ta irin su Salaga, ke yin wankan ƙarshe. Wannan tarihi ya shafe mu, ba na wasu ba ne.

Matsalar ita ce nisa. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, in hanya ta yi kyau. Tekun wajen kuma yana da ƙarfi, ba na sakin yara ba ne.

Sansanin Kumasi kuwa yana nan tsakiyar gari, kusa da Adum. Bai kai Elmina girma ba, amma yana da nasa labarin. Ingilishi suka gina shi a 1897, bayan sun kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 (a Elmina ma aka fara tsare shi). A 1900 mayaƙan Asante ƙarƙashin Sarauniya Yaa Asantewaa suka yi wa gidan ƙawanya wata da watanni, Gwamna Hodgson na ciki, kuma sojojin da ke tsaronsa yawancinsu waɗanda Turawa ke kira Hausawa ne. Ki tsaya ki faɗa wa jikoki wannan, don su san tun yaushe sunanmu ke cikin labarin garin nan. Yau gidan tarihin sojoji ne, da bindigogi da motocin yaƙi a fili, abin da yara maza ke so ke nan.

Daga nan tafkin Bosomtwe kilomita kamar 30 ne, ta Kuntanase a gangara Abono. Dutse ne ya faɗo daga sama shekaru kusan miliyan ɗaya da suka wuce, ramin ya cika da ruwa. Ba maɓuɓɓuga mai zafi ba ce, amma da rana ruwan ɗumi-ɗumi yake, ba igiyar ruwa. Za ku ga masunta zaune kan guntun katako suna tuƙi da hannu. Tsakiyarsa da zurfi ƙwarai, yara su tsaya bakin gaɓa, idonki a kansu.

Ni dai, Hajiya, da ƙafarki da ƙananan yara, na biyun zan ce ki ɗauka. Sansani da hantsi, tafki bayan azahar. Ki zuba wake da shinkafa a kula, ki tafi da tabarmar salla, ku baro Abono kafin magariba saboda hawan dutsen. Elmina ki bar ta sai hutun makaranta, ku kwana Cape Coast.