Wasiƙa zuwa Agege: saniyar da ba a yankawa

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara, da duk jama'ar masallacinmu na Zango.

Ka tambaye ni kayan masarufi a nan Boston. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo ana sha kai tsaye, amma kuɗin haya da na asibiti suna cinye albashin mutum kafin wata ya raba. Naman halal akwai, sai dai duk ranar da na biya kuɗinsa nakan tuna Abbatuwar Oko-Oba. Tattasai da albasa kuwa, kasuwar Mile 12 ta Legas ta fi su nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar ginin Islamiyya da ka ce kwamiti zai sake bin 'yan kasuwa neman gudummawa, karo na uku ke nan. Na ga wani tsari a jami'o'in nan da nake so ka kai musu.

Manyan jami'o'in Amurka suna da asusun dindindin, wanda idan ka duba da kyau wakafi ne. Tsofaffin ɗalibai da masu hali suna ba da kyauta, ba a kashe ta, sai a juya ta. Na jami'ar Harvard, da ke tsallaken kogi daga inda nake, ya haura dala biliyan 53 a 2024. Ba tukunya ɗaya ba ce: ƙananan asusai ne sama da 14,000, kuma kusan kashi 80 cikin 100 masu bayarwa sun ɗaure su da sharaɗi. Wanda ya ce kuɗinsa na ɗaliban likitanci ne, shugaban jami'a ba shi da ikon sayen mota da su. Tun 1974 suka kafa kamfani na musamman da aikinsa kawai kula da wannan dukiya, ƙarƙashin amintattu, kuma kowace shekara ana buga rahoto kowa ya gani.

Ga wurin da ya fi burge ni. A shekara ba sa cire fiye da wajen kashi 5 cikin 100. Ko kasuwa ta yi albarka an samu ribar kashi 15, ba a rabe ta. Ragowar tana komawa kan uwar kuɗi don kada hauhawar farashi ta cinye ta. Kai da ka yi shekara talatin a harkar shanu ka fi ni sanin wannan: nono ake tatsa, saniyar tana nan tana haihuwa. Wannan ɗan kashi 5 da ake cirewa shi ke ɗaukar sama da kashi ɗaya bisa uku na hidimar Harvard. Karatu da masauki a can sun wuce dala 80,000 a shekara, amma a 2025 suka sanar cewa yaron da iyayensa ba sa samun sama da dala 100,000 a shekara ba zai biya ko sisi ba. Da na ji haka sai na tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas muna zaune a gida, na ji zuciyata ta yi nauyi.

Ina suke zuba kuɗin? Wani mutum, David Swensen, ya riƙe asusun jami'ar Yale daga 1985 har rasuwarsa a 2021, ya ɗaga shi daga dala biliyan ɗaya da 'yan kai zuwa sama da biliyan 30. Dabararsa ita ce rarraba dukiya: hannun jari a ƙasashe daban-daban, gidaje da filaye, dazuzzukan katako, da jari a sababbin kamfanoni tun suna jarirai. Tunda jami'a ba gobe za ta buƙaci kuɗin ba, tana iya haƙurin shekara goma kafin jari ya nuna.

Kada ka ɗauka ba sa faɗuwa. A rikicin tattalin arziki na 2009 Harvard ta yi asarar sama da kashi 27, har ta dakatar da wani babban gini. Kuma wani ɓangare na dukiyar yana cikin harkokin kuɗin ruwa, wanda mu ba za mu taɓa ba. Ina kuma ganin bai dace a tara irin wannan dukiya a wuri ɗaya ba alhali ƙananan kwalejoji na fama.

Amma Kawu, asalin abin namu ne. Sayyidina Umar da ya samu fili a Khaibar, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Azhar ta Masar da wakafi ta rayu ɗaruruwan shekaru.

Shawarata, idan aka tara kuɗin wannan karon, a ware ko da kashi ɗaya bisa huɗu kada a taɓa. Kada a bar shi a banki kawai, ka ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. A sayi shago ko biyu da sunan makarantar, ba da sunan mutum ba, a sa wani abu a sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na Gwamnatin Tarayya, wanda ake fitarwa tun 2017. Amintattu uku su sa hannu kafin a cire kwabo, a karanta lissafi a masallaci duk bayan Ƙaramar Salla. Kuɗin hayar ya riƙa biyan malamai, waɗanda na san wani lokaci sai su yi wata biyu ba a ba su komai ba.

Idan kwamiti ya amince, a sa sunana a farkon masu bayarwa, zan turo nawa ƙarshen wata. Ka ce wa Inna yajin da ta aiko ya iso lafiya.