Murar kaji mai dawowa: abin da za ki saya da abin da za ki bari a kanti

Da dare ake gane murar kaji. Bayan isha'i, idan gida ya yi tsit, ki je bakin akurki ki kasa kunne. In kin ji atishawa, ko wata na jan numfashi kamar mai minshari, da safe ki kamo ta ki duba. Za ki tarar da kumfa a gefen ido, majina ta kama ƙura ta toshe hanci, gashin kafaɗa ya yi dauɗa saboda nan take goge fuska. Wannan murar ba ta cika kashe babbar kaza ba, sai dai ta ramar da ita, ƙwai ya ja baya. Ki ba da magani ta lafa, hunturu na kaɗawa ta dawo. Na daɗe ina karɓar duk abin da mai kanti ya miƙo mini, kafin wani likitan dabbobi ya zaunar da ni ya nuna mini cewa rabin kuɗina a banza suke tafiya.

Tun farko, 'yar'uwa, akwai halin da babu abin saye. Idan kaji na faɗuwa biyu uku a rana, kashinsu kore, wuyan wasu ya murɗe, to cutar Niyukasul ce, wadda wasu ke kira fakat, kuma ƙwayar bairos ke kawo ta, babu garin da zai kashe ta. Idan kuwa kin wayi gari kin tarar da matattu ba tare da sun yi jinya ba, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, fuska a kumbure, ki ji tsoron murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna. Kada a yanka, kada a sayar, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Mai tafiya ta dawo kuwa, yawanci aikin wata ƙwaya ce da ake kira maikofilazma. Abu biyu game da ita su za su yi miki jagora a kanti. Na farko, ba ta da ɓawon nan da sauran bakteriya ke da shi, alhali su Penicillin, Ampicillin da Amoxicillin ɓawon suke fasawa. Saboda haka ko kwali guda kika juye a ruwan sha, ba su taɓa ta. Na biyu, kazar da ta kamu ta kamu ke nan har ƙarshen ranta. Magani yana kwantar da ciwon, ba ya fitar da ƙwayar, kuma uwa na iya sa wa ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Duk wanda ya ce miki maganinsa na warkar da ita gaba ɗaya, ciniki yake nema.

Zan rubuta sunayen kamar yadda za ki gan su a jikin leda, don ki karanta da idonki. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba. Ƙananan rubutun da ke faɗin sinadarin ciki shi ne.

Tylosin shi nake fara nema. An san shi da wannan cutar, gari ne mai narkewa a ruwa, yawanci ana bayarwa kwana 3 zuwa 5. Ya fi na gama-gari tsada, amma ga mai kaji 10 ko 15 ƙaramar leda ta isa. Rauninsa shi ne idan ciwon ya daɗe har wasu bakteriya irin su E. coli sun shiga huhu da jakunkunan iska, shi kaɗai ba ya isa. A nan ne haɗin Tylosin da Doxycycline, wanda kamfanoni da yawa ke sayarwa a leda ɗaya, ya fi dacewa. Idan kaza ta yi mako biyu tana minshari, ta rage cin tsaki, wannan haɗin nake ɗauka.

Oxytetracycline shi ne mai arha, kuma babu ƙauyen da ba a samunsa. Yana aiki idan an kama ciwo da wuri, amma an sha ba kaji shi ba bisa ƙa'ida ba har ƙwayoyi da yawa sun saba da shi. Sannan sinadarin kalsiyam yana ɗaure shi a hanji, abincin kajin ƙwai kuwa cike yake da kalsiyam, don haka ba duk abin da kaza ta sha ke shiga jini ba. Doxycycline danginsa ne, amma ya fi shi shiga jiki. Ki yi hattara da ledojin da aka cakuɗa bitamin da ɗan Oxytetracycline kaɗan: suna sa ruwa ya yi launi mai kyau, amma abin da ke ciki sau da yawa bai kai ya kwantar da ciwo mai nauyi ba. Kafson mutane ɗin nan ja da rawaya da muke ɓarewa a kaskon ruwa ma wannan dangin ne, kuma babu mai iya faɗin nawa kowace kaza ta sha.

Tiamulin yana da ƙarfi sosai a kan maikofilazma, amma yana da tarko. Idan ya haɗu da Monensin, Salinomycin ko Narasin, waɗanda wasu kamfanoni ke sa wa cikin abincin kajin nama don hana kashin jini, yana shanye ƙafafu, har ya kashe. Mai ciyar da dawa, gero da dusa ba ta da wannan fargabar. Mai sayen abincin buhu kuwa, idan ba ta tabbatar da abin da ke cikinsa ba, ta bar shi.

Enrofloxacin shi masu kanti suka fi yabo, don yana nuna aiki da sauri. Ni dai ba na sayensa sai likita ya ce. Ɗan'uwan Ciprofloxacin ne da ake ba mu a asibiti, kuma ƙwayoyin da suka saba da shi a cikin kaji suna iya zuwa su ƙi jin magani a jikin 'ya'yanmu. Dalilin ke nan da Amurka ta hana amfani da shi a kaji tun 2005. Ba a kuma ba kazar da ake cin ƙwanta. Chloramphenicol kuwa ko kyauta kada ki karɓa. Ƙasashe da yawa sun haramta shi a dabbar da ake ci, saboda ragowarsa na iya lalata ɓargon da ke yin jini a jikin mutum.

Ba kowane tari ne maikofilazma ba. Idan fuska ta kumbura har ido ya rufe, majinar na wari, kuma cikin kwana biyu ta bi akurki duka, ta fi kama da cutar koraiza. A nan haɗin Sulfa da Trimethoprim ya fi Tylosin, da sharaɗin ruwan sha wadatacce, kuma kada a wuce kwanakin da aka rubuta, don yana wahalar da ƙoda. Idan ƙananan kaji masu yawo ne ke miƙe wuya suna buɗe baki kamar masu hamma, ba majina, wataƙila jar tsutsa ce a maƙogwaro. Fenbendazole ko Levamisole ake nema, Piperazine ba ya kama ta. Idan kuma 'yan tsaki ne ke haki bayan an shimfiɗa musu dusar katako mai damshi ko an ba su abinci mai fumfuna, babu maganin da za ki saya ya yi amfani, sai kwashe shimfiɗar. Rarrabe waɗannan da ido ba koyaushe ke yiwuwa ba. Kai kaza ɗaya asibitin dabbobi, irin na koyarwa da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri ko na gwamnatin jiha, ya fi sayen leda huɗu a kan zato.

Tsakanin gari da allura, gari ya fi sauƙi, sai dai kazar da ta fi buƙata ita ce ba ta shan ruwa. Lafiyayyu su shanye, ita tana takure a lungu. Sai ki ware ta, ki ɗiga mata da sirinji marar allura a gefen baki, a hankali don kada ta shaƙe. Ki haɗa sabon ruwa kullum, ki ajiye a inuwa, ki ɗauke sauran kasaken ruwa, kuma ki cika kwanakin ko da ta miƙe a rana ta biyu. Allura tana aiki da sauri, amma kaza ba ta da nauyi, kuskuren awo kaɗan ya isa. Ki bar wa wanda ya iya.

Kafin ki biya, ki juya ledar. Ki nemi lambar NAFDAC, ranar ƙarewa, yawan sinadari a kowane giram, da kwanakin jira kafin a ci nama ko ƙwai. Leda biyu na iya ɗaukar suna ɗaya alhali ɗaya ta ninka ɗaya ƙarfi, kin ga mai arhar ta zama mai tsada. Wadda ta wuni a rana kan tiren kasuwa, ko garinta ya dunƙule, ki mayar. Ƙwan kwanakin magani da na kwanakin jira kuwa, na san da ciwo, amma zubarwa ake yi. Ba a ci, ba a kai wa mai shayi.

Tafarnuwa, barkono da sassaƙen maɗaci da muka gada wajen iyaye ba na raina su, ni ma nakan daka tafarnuwa a ruwansu lokacin sanyi. Amma kazar da idonta ya rufe ta wuce nan.

Cikin duk abin da na saya, abu biyu da suka fi rage mini asara ba maganin mura ba ne. Ɗaya shi ne rigakafin Niyukasul. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin LaSota da I-2. LaSota na son firji daga kanti har gida, kuma in an haɗa sai a yi amfani da shi cikin awa biyu. I-2 ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido duk wata 3 zuwa 4, shi ya fi dacewa da kajin gida. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, sai ku haɗu da maƙwabta, ku yi kafin hunturu, kuma lafiyayyu kaɗai ake yi wa. Ba ya hana maikofilazma, amma yana hana babban abin da ke hawa kanta ya gama da garke.

Ɗayan kuma ƙaramin keji ne na biyu. Duk kazar da ta shigo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, nan take yin mako 3 zuwa 4 kafin ta ga sauran, don wahalar tafiya ce ke fito da ciwon da ke ɓoye. Babban akurkin kuma na sa an buɗe masa taga a sama an rufe da raga. Ki durƙusa daidai tsayin kaza ki shaƙa: in warin kashi ya sa idonki yaji, shi ke ƙona hanyar numfashinsu dare da rana.

Akwai kazar da za ki yi wa magani sau biyu, sau uku, ta ci gaba da minshari. Ita ce ke sake raba wa sauran. Ba na sa mata ƙwai ta kwanta, ba na kuma sayar wa maƙwabciya ta je ta haɗa da nata. Ina jira kwanakin jira su cika, in jikinta da nama kuma babu wani ciwo, sai a yanka a gida a dafa sosai. Akurkin da ta bari a kwashe, a wanke, a bar rana ta dake shi mako biyu kafin sabuwa ta shiga, don ƙwayar ba ta wuce 'yan kwanaki a wajen jikin kaza.